Ban Tambaye Ka Kuɗi Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana tara ke nan da aka binne maƙwabcina, kuma tun daga ranar barcina bai dawo daidai ba. Na so in yi shiru, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bari in faɗa muku abin da na yi, ko Allah zai sa wani ya tsira daga irinsa.

Shekara bakwai ke nan ina zaune a wata unguwa a gefen Charleroi, nan ƙasar Beljiyam. Gidajen jan bulo ne a jere, bango ɗaya ya raba ɗakina da na wani tsoho ɗan Italiya wanda ya haura shekara 90. Kowa a layinmu Nonno yake ce masa, wato Kaka a harshensu. Idan rana ta ɗan leƙo, sai ya fito da kujerarsa bakin ƙofa, ya ɗora hannayensa biyu a kan sanda. Hannayen nan ba zan manta da su ba. Akwai wasu ɗigo-ɗigo masu launin shuɗi a bayan hannun da kan yatsu, kamar an yi masa shasshawa. Na daɗe ina zaton zane ne na ado. Ashe ƙurar kwal ce ta shiga raunuka tun yana saurayi, fata ta warke a kanta, ta zauna har kabari.

Ni aikin dare nake yi a wani sito. Da safe nakan dawo a gajiye, ido ya yi ja, in tarar da shi zaune. Sai ya ɗaga sanda ya ce, "Ɗana, zo ka zauna." In ce, "Nonno, gobe." Ya ce yana da fitilar da ya shiga rami da ita, yana so ya nuna mini. In ce gobe. Lokacin zafi ya miƙo mini tumatir ta saman katanga, daga ɗan lambun da ke bayan gidansa, wani lokaci har da 'ya'yan ɓaure guda uku ko huɗu a cikin takarda. In karɓa, in yi godiya, in shige. Shekara bakwai, wallahi ban taɓa zama da bawan Allahn nan na minti talatin cur ba.

Akwai kuma tambayar da ba ya fashin yi mini: "Ka kira babanka?" Nakan ce masa na tura kuɗi jiya, ko na tura a farkon wata. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ban tambaye ka kuɗi ba." In yi murmushi in wuce, ina cewa a raina tsufa ne.

Ranar da ya rasu ina barci. Bango ɗaya tsakaninmu, ban ji komai ba. Sai da yamma na ga motoci sun cika layi.

Da na shiga yi musu gaisuwa, babbar 'yarsa, wadda ita ma ta yi jikoki, ta kama hannuna ta zaunar da ni a kicin. Ta ce kullum mahaifinta yana maganata. Ta ce yakan ce yaron nan irina ne, ya bar gida saboda abinci. Daga nan ta shiga ba ni labarin da shi ya yi shekara bakwai yana roƙona in zauna in ji daga bakinsa.

Daga yankin Abruzzo ya fito, wani ƙauye a cikin duwatsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Italiya ta ragargaje, babu aiki, babu abinci. A watan Yunin 1946 gwamnatinsu ta ƙulla yarjejeniya da Beljiyam: Italiya za ta turo ma'aikata 50,000, kimanin 2,000 duk mako, su shiga ramukan haƙar kwal, ita kuma Beljiyam ta riƙa sayar mata da kwal. Mutum a madadin gawayi. Aka manna takardun talla a ƙauyuka ana kiran samari. Shi ya biyo ayarin a farkon shekarun 1950, yana ɗan shekara ashirin ko kusa da haka. A tashar jirgin ƙasa ta Milan likitoci suka dudduba su kamar yadda ake duba rago a kasuwa, aka zuba su a jirgi. Da suka iso, sai aka sauke su a wasu rumfunan kwano da katako waɗanda aka tsare fursunonin yaƙi a cikinsu. Bai san kalma ɗaya ta Faransanci ba. 'Yan gari suna kiransu "makaroni". Ba da jimawa ba aka sa shi a keji, wato akwatin ƙarfen da ke sauke ma'aikata cikin rami ya hauro da su, aka zura shi cikin ƙasa, ɗaruruwan mitoci, mutumin da bai taɓa sanin wani aiki ba sai kiwon tumaki a sarari.

Ku da kuka bi ta Agadas, ku da kuka kwana a gidajen Sabha, ku da ke wanke kwanuka a biranen da ba a amsa muku gaisuwa, ai kun san wannan labari. Launin fata ne kawai ya bambanta.

Sai 'yar Nonno ta zo kan abin da ya faru a garin Marcinelle, sai muryarta ta canza. Wajen ba shi da nisa da mu, nakan wuce ta kusa da shi a bas. Ranar 8 ga Agustan 1956, da safe, a ramin Bois du Cazier, wani taragon kwal bai zauna daidai cikin keji ba a zurfin mita 975, kejin ya tashi da shi, ya bangaji ƙarfe, ƙarfen ya tsinke wayoyin lantarki da bututun mai. Wuta ta kama a daidai hanyar da iska ke shiga, sai iskar da ya kamata ta rayar da mutane ta kai musu hayaƙi har inda suke. Mutum 262 suka mutu, 136 daga cikinsu 'yan Italiya, kuma kaso mafi girma a cikin waɗannan 'yan Abruzzo ne, mutanen yankinsa. Shi a wani rami daban yake aiki. Amma ya je ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfen nan tare da mata da yara, yau da gobe, har mako biyu, saboda akwai wanda suka taso tare a ƙauye a can ƙasa. Sai ranar 23 ga wata masu ceto suka fito da maganar da ta kashe sauran fata: "Tutti cadaveri." Duk gawawwaki ne. Bayan wannan ne Italiya ta ja baya da turo mutane, Beljiyam ta juya wajen Sifen da Girka, a 1964 kuma ta ɗauko daga Maroko da Turkiyya. Kakannin mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallacin Juma'a a nan, da yawansu ta wannan ƙofar suka shigo.

Kuma Nonno ya koma rami. Yana da uwa da uba da ƙanne da ke jiran abin da zai aiko. Ya yi aure, ya kawo matarsa, suka haifi 'ya'ya huɗu. Da ƙirjinsa ya fara ƙara sai ya bar ramin ya koma masana'antar gilashi. Abokansa da yawa cutar ƙurar dutse ta cinye musu huhu tun ba su tsufa ba, cutar da sai a ƙarshen 1963 hukuma ta yarda cewa aikin ne ke jawo ta. Shi Allah Ya ja kwanansa. Ya ga an rufe ramin Cazier a 1967, ya ga an rufe rami na ƙarshe a wannan yanki na Waloniya a 1984. Ya ga ɗan 'yan ci-rani daga Abruzzo, Elio Di Rupo, ya zama firaministan ƙasar a 2011. 'Yarsa ta ce ranar ya zauna gaban talabijin yana share hawaye da hularsa. Duk ranar 8 ga Agusta kuma, in ana kaɗa ƙararrawa sau 262 a wajen tunawa, yana can tsaye, har shekarun da ƙafa ta ƙi.

Amma ba wannan ne ya karya ni ba.

Ta tashi ta ɗauko wani gwangwanin biskit da ya yi tsatsa a gefe. Cike yake da wasiƙu, an ɗaure su kashi-kashi da zare. Amsoshin da uwarsa ta riƙa aiko masa ne, wani ne yake rubuta mata don ita ba ta yi makaranta ba. Shi ma karatunsa bai yi nisa ba. Ta ce duk Lahadi, bayan mako guda a cikin duhu, yakan zauna da fensir ya yi ta fama da shafi ɗaya har abinci ya huce. Yana tura kuɗi daban, wasiƙa daban. Bai taɓa ɗaukar ɗaya ta tsaya a madadin ɗaya ba. Kuma duk da haka, abin da ya ci shi har ya mutu shi ne mahaifinsa ya yi ta aiko masa cewa ya zo su gana, shi kuma yana cewa bari a ƙara tara kaɗan, bari baɗi. Saƙon rasuwar ya same shi ya fito daga rami, fuska baƙi ƙirin. Kafin ya isa an riga an rufe. Ta ce shekara sittin da wani abu yana maimaita magana ɗaya: na aika masa da komai, ban kai masa fuskata ba.

Sai a lokacin na gane tambayar da yake yi mini a bakin ƙofa. Ba tsufa ba ne. Mutum ne ya faɗa rijiya, ya tsaya a bakinta yana tsare wani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Na koma ɗaki na buɗe wayata. 'Yan'uwa, kiran Baba guda biyar na tarar a cikin mako biyu, ban mayar da ko ɗaya ba. Saƙon murya na Inna guda uku a WhatsApp, ko buɗe su ban yi ba. Na ƙarshen minti huɗu ne. Na danna. Babu roƙon ko sisi a ciki. Tana ba ni labarin akuyarta ta haifi biyu, da cewa ƙafar Baba ta ɗan sassauta, da cewa ta yi mafarki da ni. A ƙarshe ta ce, "To, na san kana da aiki, Allah Ya yi maka albarka." Ta ba ni uzuri tun ban nema ba. A wannan makon da ban saurare ta ba, na ɓata sa'o'i ina jayayyar siyasa da mutanen da ban taɓa gani ba.

Yanzu ku zo mu yi magana, don na san ba ni kaɗai ba ne.

Kai da ke ganin "Inna" ya bayyana a fuskar waya, ka kife ta ka ce in na natsu zan kira, yaushe ka taɓa natsuwa? Kai da ke sauraron saƙon mahaifinka da saurin ninki biyu don ya yi ya ƙare, muryar da ta yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka ita ce kake hanzartawa? Ke da ke da lokacin ɗaukar hoton girki kala uku a rana, amma kakarki ta yi wata biyu ba ta ji muryarki ba, me za ki ce? Kai da ke ganin tunda ka gina musu ɗaki ka sa musu sola, to ka sauke nauyi, wa ya gaya maka haka? Ɗakin ba ya ce musu ina kwana.

Kada na gida su ce wannan ta 'yan ƙasar waje ce. Akwai wanda ke Kano, mahaifiyarsa ma na Kano, kuɗin adaidaita ɗaya ne tsakaninsu, amma daga Sallah sai Sallah. Akwai wanda ke gida ɗaya da tsohonsa, yana wuce shi a zaure safe da yamma, gaisuwar a tsaye, ƙafa ɗaya a waje. Akwai dattijon da ke fara ba da labari a ƙofar masallaci bayan La'asar, kafin ya kai tsakiya kowa ya sunkuyar da kai kan waya, sai ka ga ya haɗiye sauran maganar ya shiga jan carbi. Na ga wannan da idona lokacin da na je gida Maraɗi, kuma ina cikin masu sunkuyar da kan. Zumunta a ƙafa take, haka muka taso muka ji. Yau an sauƙaƙa mana har ta koma a ɗan yatsa, mun kasa.

Ranar da aka ce babu su kuwa, mu ne kan gaba. Hoto a Facebook, rubutu mai tsawo, bango ya faɗi, wa zai maye mana gurbinka. Ɗaruruwan mutane su yi ta'aziyya. Da rabin kalmomin nan ka faɗa masa yana da rai, da ya kwana yana murmushi. Da-na-sani ƙeya ce.

Na san uzurinmu, ni ma na sha kawo shi. Za ka ce duk kiran gida da buƙata yake zuwa, kuma aljihu babu. Gaskiya ne, wani lokaci haka ne, kuma nauyin da ke kan ɗan ci-rani Allah kaɗai Ya san shi. Na san daren da mutum ke lissafin haya da kuɗin takardu har gari ya waye. Amma ka ɗauka ka ce, "Baba, wannan watan babu, sai dai addu'a." Wallahi mafi yawansu za su ce Allah Ya hore, su ci gaba da tambayar lafiyarka. Kunyar cewa babu ce ta sa muke guje musu, sai mu haɗa musu rashi biyu, babu kuɗin, babu ɗan. Za ka ce gajiya. Mutumin da nake ba ku labari yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ne ya ɗauki fensir. Za ka ce maganarsu maimaici ce, labarin da ka ji sau goma. To sau nawa ka tambaye su abu ɗaya kana yaro suka amsa maka ba tare da tsaki ba? An hana mu ce musu ko da "uf". Ni ina ganin kife waya a kan kiransu ɗan'uwan "uf" ne, sai dai shi ba ya ƙara.

Ya Allah, ina jin tsoron hadisin nan na wanda ya riski iyayensa a tsufa, ɗaya ko duka biyun, amma bai shiga Aljanna ta dalilinsu ba. Ƙofa ce a buɗe, kuma tana da ranar rufewa, ba a sanar da kowa ranar.

Game da Nonno, kada wani ya ɗauke ni da wata fassara. Kirista ne, ya rayu a kan addininsa ya mutu a kai, al'amarinsa yana hannun Wanda ya halicce shi. Abin da na sani shi ne maƙwabcina ne, kuma Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci ba har ya yi zaton za a ba shi gado. Ni ne mai sallah biyar a layin nan. Ni ne na san wannan hadisi tun ina makarantar allo. Amma shi ne ya riƙa miƙo tumatir ta katanga, ni kuwa ko kwanon tuwo ban taɓa kai masa ba, ko ranar Sallah. Matarsa ta yi shekaru da ciwon mantuwa kafin ta rasu, ba ta ma gane shi, shi yake ba ta abinci a baki, yake taje mata kai. Ina jin motsinsu ta bango, ban taɓa ƙwanƙwasawa na ce ko akwai abin da zan kama muku ba. Wane hoton Musulunci na bar wa wannan gida? Wannan tambaya ita ke hana ni barci.

Duk Lahadi gidan nan cika yake, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, har su rasa wajen ajiye mota. Nakan ji haushin hayaniyar don tana hana ni ramuwar barci. Yanzu na fahimci ba daga sama ta faɗo ba. Mutum ne ya shuka ta da fensir da haƙuri tun yana saurayi. 'Ya'yanmu suna kallonmu. Suna ganin yadda muke yi idan wayar kakarsu ta shigo. Ba sai an koya musu ba.

Don girman Allah, ku kira su. Ba gobe ba. Idan kana da uba ko uwa a raye, ka tsaya da karatun nan a nan, ka kira, sauran rubutun ba zai gudu ba. Idan sun riga mu gidan gaskiya, akwai gwaggo, akwai kawu, akwai aminin mahaifinka da ba wanda ke leƙa shi tun da aka watse daga zaman makoki. Akwai tsohuwar da ke bayan katangarka, ko wane addini take yi. Ka je ka zauna. Ba sai ka kai komai ba, kunnenka kawai za ka kai. Ka tambaye su yadda suka yi aure, yadda suka tsallake shekarun yunwa, waye kakan kakanka. In suka tafi da shi, babu inda za ka sake samo shi. Ni fitilar Nonno na gan ta, 'yarsa ta nuna mini a kan kabad, an goge ta tana ƙyalli. Amma wanda zai gaya mini yadda duhu yake in ta mutu a hannunka a ƙarƙashin ƙasa, ya tafi.

A daren nan na kira Baba. Sau biyu ta yi ƙara ya ɗauka, kamar wayar na hannunsa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Lafiya dai ko?" Ya tsorata, don ya saba ba na kira sai da dalili. Na ce lafiya lau Baba, muryarka kawai nake so in ji. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai na ji yana kiran Inna daga nesa, "Zo, zo, yaron ne." Muka yi kusan awa guda. Ya ba ni labarin farashin gero, da rijiyar unguwa da aka yashe, da wani abokinsa da ya rasu watan jiya wanda ban ma ji ba. Na nemi gafararsa. Ya ce, "Ba ka yi mini komai ba." Wannan ta fi mini zafi a kan a ce ya yi faɗa.

Ku taya ni addu'a Allah Ya yafe mini hakkin maƙwabcina, Ya ba ni ikon zuwa gida bana in kai wa Baba fuskata. Na riga na nemi hutu a wajen aiki. Kafin nan, 'yar Nonno ta ce sanyi ya kusa shigowa, kuma babu wanda zai naɗe itacen ɓauren nan da buhu da leda kamar yadda mahaifinta ke yi duk shekara don kada ƙanƙara ta kashe shi. Na ce mata ranar Asabar da safe ina nan tafe, in na taso daga aiki, kafin in kwanta.